Sharhi a kan aikin wani kamfanin janwe a hanyar Kano zuwa Zariya

A tsakiyar daminar bana tirelarmu ƙirar DAF ta taso daga kasuwar Dawanau ɗauke da buhu 300 na masara, wato tan 30, za ta Kudu. Ta wuce Kwanar Dangora da kaɗan injin ya buga, ana dab da kiran magariba, kuma direba bai samu ya sauke ta gaba ɗaya daga kan kwalta ba, sai ta tsaya rabi a kan titi rabi a gefe. Da ya kira ni ya ce, "Maigida, ba ta motsi, iska kuma ta fara zurarewa," na san cewa wannan ya wuce gyaran bakin hanya. Na umarce shi ya kira lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, ni kuma na nemi wani kamfanin janwe mai zaman kansa a Kano, na kama hanya.

Tun a waya na fara gane irin mutanen da nake hulɗa da su. Kafin a yi maganar kuɗi sai da aka tambaye ni abin da motar ta ɗauko, da nauyinsa, da ko mai yana zuba, da ko akwai wanda ya ji rauni. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar fetur ta faɗi ta kama da wuta, mutane fiye da 150 suka rasu, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin waɗannan tambayoyi.

Sun iso bayan kusan awa uku, alhali awa ɗaya da rabi suka yi mini alkawari, kuma wannan shi ne babban laifinsu a wurina. A tsawon wannan lokaci ba mu da kariya sai alama mai kusurwa uku guda ɗaya da rassan itace da yaron mota ya jera a kan titi, ga duhu, ga yayyafi, ga motoci suna tahowa a guje suna kaucewa sai sun zo gab da mu. Ganye al'adarmu ce, amma ganye ba ya ƙyalli idan fitila ta haska shi, kuma na tsaya a wurin zuciyata na dukan uku-uku duk lokacin da na ji ƙarar birki.

Da suka iso, ba su taɓa motar ba sai da suka killace wurin. Sun jera robobin nan masu ƙyalli tun daga nesa, kimanin taku ɗari a bayan motar, a karkace, yadda direban da ke tahowa zai riƙa komawa ɗaya hannun a hankali ba tare da taka birki da ƙarfi ba. Suka tsayar da mutum ɗaya sanye da riga mai ƙyalli da fitila a hannu, suka kuma roƙi 'yan kallo su koma bayan kwalbati. Sai bayan haka aka sa weji a tayoyi.

Shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zagaya motar da tocila, sa'an nan ya ce mini, "Alhaji, ba zan ja ta da kayanta ba. A kawo wani kan mota ya ɗauki bodin, mu kuma mu tafi da wannan." Na so in yi gardama saboda ƙarin kuɗi, amma hujjarsa ta fi tawa ƙarfi, domin jan tan 30 da mataccen kai a kan jiƙaƙƙen titi da dare kasada ce da dukiya da rayukan mutane. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba kan da bodin. Ƙasar gefen titin ta sha ruwa ta yi laushi, kuma da an sauke ƙafafun bodin a kanta kai tsaye, da ƙafa ɗaya ta nutse, bodin ya kife da masarar. Sai suka sauko da katakai masu kauri daga motarsu, suka shimfiɗa su gicciye, dattijon ya tsuguna yana kallon katakan yayin da ake murɗa ƙafafun a hankali, har sai da ya ga nauyin ya zauna daidai kafin ya ba da izinin zare kan.

A wajen jan kan motar ne ake bambance mai sana'a da mai neman kuɗi kawai. Birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma idan iskar ta ƙare, sifirin da ke cikin tukunyar birkin baya yakan danne tayoyin su ƙi juyawa. Na sha ganin masu janwe suna kwance wannan sifirin su bar mota ba birki ko kaɗan, amma waɗannan sai suka jawo tiyo daga motarsu suka cika tankin tamu da iska, birkin ya saki da kansa. Bayan haka wani matashi ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, wato sandar ƙarfen da ke haɗa giya da tayoyin baya, ya yi mata alama da alli, ya zuba notocin a leda ya miƙa wa direbana. Dalilin kuwa shi ne, idan injin ba ya aiki amma tayoyin baya suna juya giya, mai ba ya zagayawa a cikinta yadda ya kamata, sai ta ci kanta a cikin 'yan kilomitoci, mai mota ya tashi da gyara biyu maimakon ɗaya. Daga nan suka ɗaga gaban motar, suka ƙara sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana, suka ɗaura fitilu a bayanta, kuma bayan tafiya kaɗan suka tsaya suka sake duba ɗaurin.

Sauran ƙorafina biyu ne. Kuɗin da aka faɗa mini a waya bai haɗa da ladan aikin dare da na jiran isowar ɗaya kan motar ba, kuma ban ji wannan ba sai da aka miƙo mini rasit. Aikin ya cancanci kuɗin, amma haƙƙin mai mota ne ya sani tun farko. Na biyu, sun kwashe robobinsu sun bar baƙin man da injin ya zubar a kan kwalta, sai ni da yaron mota muka ɗebo yashi muka rufe shi, muka janye rassan, saboda masu babur da za su bi wurin da asuba. Na gaya wa ofishinsu wannan washegari, sun kuma saurare ni da mutunci.

Da bakanikenmu ya duba motar a gareji, injin kaɗai ya samu da matsala, giya da birki da bamba duk lafiya lau, masarar kuma ta isa inda za ta da jinkirin kwana ɗaya. Na rubuta lambar kamfanin na manna a cikin motocinmu biyu, na kuma saya wa kowace robobi masu ƙyalli guda shida, da riga, da katakai biyu masu kauri.