Buhun garin yumɓun zubi: abin da na gani bayan wata uku

Shekara shida ina gina kofuna da ƙananan tukwanen fure da hannu kafin in yi sha'awar zubi, wato a tsinka yumɓu ya zama ruwa-ruwa a ɗura shi cikin mazubin filasta. Dalilina ɗaya ne, ina son kofi goma sha biyu su fito kai ɗaya, abin da hannuna ya kasa yi mini. Sai na sayi buhun busasshen garin yumɓu mai nauyin kilo 25, irin farin nan da ake gasawa a wuta mara tsanani, tare da 'yar kwalbar sodiyam silikat da ƙullin tokar soda. Buhun ya kusa ƙarewa yanzu, na ga ya dace in faɗi yadda muka kwashe da shi.

Garin kansa ban ga aibunsa ba. Ya niƙu lukui, da na tace kwaɓin a rariya mai lamba 80 abin da ya rage bai cika cokali ba. Haɗin sananne ne, hodar talk, wato garin wani dutse mai laushi, da yumɓu mai danƙo kusan rabi da rabi, irin wanda masu wannan sana'a a Amurka suka daɗe suna amfani da shi. Ƙorafina yana kan takardar da aka liƙa a jikin buhun. Layi huɗu ne kacal: zuba ruwa, zuba silikat, zuba gari, motsa har ya yi daidai. To mene ne daidai? Ba su faɗa ba, kuma nan ne na yi asarar kusan rabin buhu.

A kwaɓin farko na auna gari kilo 10 da ruwa lita 4. Da na ga ya yi kauri, ƙarfen motsawar da na ɗaura a bakin dirila yana ta nishi, sai na yi abin da kowa zai yi, na ƙara ruwa. Na ƙara, na sake ƙarawa, har ya kai wajen lita biyar da rabi. A ido ya yi kyau, yana zuba sumul. Amma filasta aikinta tsotse ruwa ne, da haka yumɓun ke taruwa a jikin bangon mazubi ya zama jikin kofi. Ruwan da na labta ya jiƙa mazuban sharkaf tun zubi na biyu, kofunan suka fito laɓe-laɓe, da suka bushe kuma suka tsuke fiye da kima, biyar cikin takwas suka tsage a gindin mariƙi.

Sai daga baya na fahimci abin da 'yar kwalbar nan take yi. Ƙwayoyin yumɓu fale-fale suke, fuskarsu da gefensu ba cajin lantarki ɗaya suke ɗauke da shi ba, don haka gefen wannan yake kama fuskar wancan, su yi ta harɗewa suna riƙe ruwa a tsakaninsu. Silikat da tokar soda suna sa su ture juna, su saki ruwan, kwaɓin ya tsinke ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Ranar da na fara gani da idona sai da na yi dariya ni kaɗai: abu ya yi kauri har sanda tana tsayawa a ciki, na ɗiga 'yan giram na silikat, cikin minti biyu ya koma yana malala.

Daɗin abin ne ya ja ni ga kuskure na biyu. Na ce tunda kaɗan ya yi haka, bari in ƙara. Na kai kusan giram 45 a lissafin gari kilo 10. Washegari na tarar da ruwa-ruwa a sama, ƙasan bokitin kuma ya daskare kamar siminti, sai da na sa ƙarfe na ɓamɓaro shi. Wanda na samu na zuba ya ƙi yin jiki da wuri, bayan minti arba'in bangon bai kai kaurin da nake so ba, ga shi da gautsi, da na zo datse baki sai ya riƙa ɓarewa. Idan silikat ya yi yawa babu yadda za a cire shi, sai dai a ƙara gari da ruwa a sirka.

Abin da ya raba ni da wannan wahala sikelin dijital ne da sirinji mai cin mililita 100. A zuƙi kwaɓin daidai mililita 100 a auna, a cire nauyin sirinjin. Na zubi mai kyau yakan faɗa tsakanin giram 175 da 180. Kwaɓina na farko, da na lissafa, bai wuce 166 ba. Idan awon ya haura 180 ruwa yake so. Idan awon yana daidai amma har yanzu da kauri, silikat yake so, ɗigo-ɗigo, ana motsawa minti goma tsakanin kowane ƙari. Wannan jimla biyun su ya kamata a buga a jikin buhun. Na gwada ma'aunin gilashin nan mai yawo a kan ruwa, ban ji daɗinsa ba, kaurin kwaɓin yana riƙe shi ya ba da lambar ƙarya.

Yanzu ga yadda nake yi da gari kilo 10. Ruwa lita 4.2 a bokiti, in narkar da tokar soda giram 5 a ruwan ɗumi in zuba, sannan silikat giram 20 da na sirka da ruwa daidai yawansa. Garin a kan ruwa ake barbaɗa shi kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan gari ba. In motsa kamar awa ɗaya, in rufe ya kwana. Da safe yakan ɗan kama jiki, wannan ba matsala ba ce, halinsa ne ya yi kauri in ya zauna ya saki in an motsa. Sai a lokacin nake ƙarasa silikat ɗin, yawanci giram 5 ko 6. Awona yana tsayawa a 176. Minti ashirin a busasshen mazubi yana ba ni bango mai kaurin milimita huɗu, in juye ragowar, in kifa mazubin a karkace don kada ɗigo ya taru a gindi. Bayan awa guda kofin ya ja jikinsa daga filastar da kansa.

A tanderu ya burge ni. Na gasa a wajen digiri 1060 na Salshiyas, ya fito fari mai ɗan duhun madara, ba karkacewa. A tuna dai irin wannan yumɓu ko ya gasu yana shan ruwa, dole sai da gilashin rufi ciki da waje in za a sha wani abu a ciki.

Abu biyu suka rage da ba na so. Silikat da soda suna cin filasta a hankali. Mazubaina biyu sun fara fitar da wani farin gishiri kamar auduga a bayansu, zanen cikin ɗaya ya fara dusashewa. Masu amfani da Darvan, wani sinadarin tsinka kwaɓi da ake sawa a madadin silikat, sun fi samun sauƙin wannan, shi zan gwada a gaba. Na biyu ƙura ce. Garin yana tashi sosai wajen juyewa, ƙurar silikar da ke cikinsa kuwa huhu take lalatawa, amma ko kalma ɗaya ba a rubuta a buhun game da takunkumi ba. Ina sa takunkumi mai tace ƙura, kuma da jiƙaƙƙen tsumma nake goge wurin, ba na shara.

Zan sake sayen wannan gari. Takardar dai na yage ta, na rubuta nawa awon da alƙalami a jikin murfin bokitin.