Komik da finafinan ɓarayi da 'yan sanda: wanne za ka fara saya, kuma yaya ake gane jabu

Mai son labarin fashi, kisa da bincike a wannan zamani ba rashin abin kallo ko karatu ke damunsa ba, aljihu ne. Littafin labari cikin zane, wato komik, na asali daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, kuma kuɗin jigila kan kusa kamo kuɗin littafin kansa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce wanne za a fara da shi, tunda ba za a iya kwashe duka ba. Amsata a taƙaice ita ce Criminal, na marubuci Ed Brubaker da mai zane Sean Phillips. Sauran su biyo baya idan kuɗi ya ragu.

An fara buga Criminal a 2006 a ƙarƙashin Icon, wani reshe na kamfanin Marvel, daga baya ya koma kamfanin Image. Babu mai tashi sama a cikinsa, babu mai rufe fuska da ƙyalle. Mutanensa 'yan sane ne, direbobin 'yan fashi, masu buga takardun bogi, tsofaffin 'yan dambe da 'yan sandan da suka ci suka ƙoshi da cin hanci, kuma yawancinsu a mashaya ɗaya suke haɗuwa, wadda ake kira Undertow. Abin da ya sa ya fi dacewa da mai saye da ƙaramin ƙarfi shi ne kowane kundi labari ne cikakke, da farkonsa da ƙarshensa. Ka sayi ɗaya ka tsaya, ba a bar ka a rataye ba. Ka ƙara na biyu, sai ka tarar wanda ya gifta a gefen shafi a na farko shi ne jigon labari a nan, ko kuma ubansa ne shekaru talatin baya.

Kundin farko, Coward, labarin Leo Patterson ne, ɗan sane mai tsara fashi wanda bai taɓa shiga hannu ba saboda yana da dokokin da ba ya karyawa, har abokan sana'a suke masa kallon matsoraci. Aka ja shi cikin fashin motar sulke tare da gurɓatattun 'yan sanda, dokokin nan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, Lawless, soja ne mai suna Tracy ya gudo daga aiki don gano wanda ya kashe ƙanensa. Wanda ya fi su duka a wurina shi ne The Last of the Innocent na 2011, inda aka zana tunanin ƙuruciyar mai laifin da zane mai haske irin na komik ɗin yara, aka zana rayuwarsa ta yanzu da duhu, har mai karatu ya ga yadda mutum ke yi wa kansa ƙarya kafin ya aikata ɓarna. Amma kada a fara da shi. Daɗinsa ya fi fitowa ga wanda ya riga ya saba da hannun Phillips.

Shi zanen Phillips ba na burga ba ne. Shafinsa yawanci layi uku ne na akwatuna a jere, ido ba ya ɓata hanya, ko a hasken fitilar caji ana bin sa. Ƙarfinsa yana fuska: mutum na zaune a mota ya kunna taba, rabin fuskarsa a inuwa, kafin ka karanta abin da ya ce ka riga ka san ƙarya zai yi. Turancin ma gajere ne, na titi, ba mai sa a riƙa buɗe ƙamus ba. Sai dai a sani akwai zagi, jini da ɗan tsiraici nan da can, ba littafin da za a bari a falo yara su ɗauka ba ne.

Wajen saye akwai tarko guda da ya kamata a lura da shi. Labari ɗaya ya fito a siga uku: tsohon bugun Icon, sabon bugun Image mai bango daban, da babban kundi mai bangon kwali da ake kira Deluxe Edition, wanda na farkonsa ya haɗa Coward, Lawless da The Dead and the Dying a wuri ɗaya. Wanda ke bin hoton bango kawai zai iya sayen labari ɗaya sau biyu. A duba sunan labarin, ba lambar da ke jikin bango ba. Akwai kuma 'yan siraran mujallun wata-wata da aka fara fitar da labarin a cikinsu, waɗanda a bayansu ake saka maƙaloli kan tsofaffin finafinan laifi da ba a mayar da su cikin kundi mai laushin bango ba. Waɗannan na masu tara kaya ne, biyar za ka haɗa kafin ka samu Coward cikakke, kuma idan ɗaya ta ɓace a hanya an gama da kai.

Abokan takarar Criminal ba sa buƙatar dogon bayani. Sin City na Frank Miller, wanda ya fara a 1991, kundi bakwai ne na baƙi da fari, zanensa na ɗaukar ido, amma mutanen cikinsa duk murya ɗaya gare su, tsiraicin ya yi yawa, kuma wanda ya kalli fim ɗin 2005 ya riga ya ga uku daga cikin labaran kusan akwati bayan akwati. 100 Bullets na Brian Azzarello da Eduardo Risso fitowa ɗari ne cif, daga 1999 zuwa 2009, ramin kuɗi ne ga wanda ba zai iya kai shi ƙarshe ba. Monster na Naoki Urasawa, labarin likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan a Jamus da ya ceci yaron da ya girma ya zama makashi, gwani ne ƙwarai, sai dai kundi 18 ne, ko 9 a bugun da aka haɗa bibbiyu, kuma daga dama zuwa hagu ake karanta shi, abin da ba zai ba wanda ya yi makarantar allo wahala ba.

Biyu ne kawai nake ganin za su iya ja da Criminal. Ɗaya shi ne Parker: The Hunter na Darwyn Cooke, 2009, wanda aka ɗauko daga littafin Richard Stark na 1962. Shafukansa na farko kusan babu magana, zane ne kawai ke nuna yadda mutum ya shigo New York ba ko sisi ya wayi gari da kwat da asusun banki, don haka ya dace da wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Ɗayan kuma Blacksad ne, na 'yan Sifaniya biyu, Juan Díaz Canales da Juanjo Guarnido, da kamfanin Dargaud ya fara bugawa da Faransanci a 2000. Mai binciken mage ne baƙi a Amurka ta shekarun 1950, duk mutanen dabbobi ne, fentin ruwa ne mai kyan gaske. Ga mai karatu a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, bugun Faransancin shi ne na asali. Illarsa kawai labarin gajere ne, a zama ɗaya ka gama, kuɗin kuma na babban littafi ne. Dattawan da suka yi zamani da mujallar African Film, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna a ƙarshen shekarun 1960, za su gane wannan irin ɗanɗano nan take.

A ɓangaren fim lissafin ya bambanta, domin yawanci ba mallaka ake yi ba, kallo ake yi a wuce. Faifai bai cancanci saye ba sai ga fim ɗin da za a maimaita. Heat na Michael Mann, 1995, kusan awa uku, yana cikin wannan sahu, ko don harbe-harben da ya biyo bayan fashin banki a tsakiyar Los Angeles, wanda sai da sauti mai kyau ake jin nauyinsa. Memories of Murder na Bong Joon-ho, 2003, shi ma haka. Tsakanin Infernal Affairs na Hong Kong, 2002, da The Departed na 2006 da aka sake yi daga gare shi, na farkon ya fi, labari ɗaya suka faɗa, amma na biyun ya fi shi tsawo da minti kusan hamsin. A gida kuma akwai October 1 na Kunle Afolayan, 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da aka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya binciki kisan mata gab da samun 'yancin kai. Wannan ya isa a nema ta halastacciyar hanya.

A kula da fim mai siga biyu. Payback na Mel Gibson, wanda shi ma daga labarin Parker aka ɗauko shi, akwai na sinima na 1999, akwai kuma wanda daraktan ya sake yankawa daga baya mai ƙarshe daban. Mai sayarwa ba lallai ya san bambancin ba. Haka fassarar finafinan Indiya: tana da daɗi a fim ɗin soyayya da faɗa, amma a fim irin Drishyam na harshen Hindi, inda dukan dabarar ta rataya a kan ranakun 2 da 3 ga Oktoba da rasiɗan da aka tara, yanke minti biyar ko cusa barkwanci a bakin ɗan sanda ya isa ya rushe ginin. A gwada tsawon abin da aka tura maka da tsawon fim ɗin na asali kafin a biya.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Fim ɗin laifi rabinsa da dare ake yin sa, kuma duhu shi ne abin da matse fim ke fara lalatawa. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya 4.7GB yake ɗauka, fim ɗaya aka yi shi dominsa. Idan aka cusa fim ashirin a ciki, kowanne bai kai 250MB ba, sai ka ga inuwa ta koma dunƙule-dunƙulen toka, fuskar makashi a lungu ta narke cikin bango, daidai wurin da ake so ka gane shi. Abin da masu turi ke zubawa a waya ma haka ne idan fim na awa biyu bai kai 400MB ba. Gwajin mai sauƙi ne: kada ka duba farkon fim, ka ja shi zuwa wani wuri na dare, ka tsayar, ka kalli baƙin. Idan ana ganin inuwar kawunan mutane a ƙasan hoto ko ana jin tari, a sinima aka ɗauka da kyamara, a mayar masa da kayansa.

Faifai na asali ana gane shi ta ƙasansa. Wanda aka buga a masana'anta ruwan azurfa ne, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI. DVD da aka ƙona a kwamfuta ƙasansa ruwan shuni ne. Ko na asalin ma yana iya ƙin yi saboda kullen yanki: DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Ingila na 2, Najeriya da Nijar suna na 5. A Blu-ray Amurka A ce, Turai da Afirka B, don haka wanda zai yi odar Blu-ray gara ya ɗauko daga Ingila ko Faransa. Faifan 4K ba shi da wannan kulle, amma sai da na'urarsa.

Jabun littafi ya fi wuyar ganewa a hoto, kuma ya fi yawa a komik ɗin Japan da ake sayarwa jimla a akwati da araha mai ban mamaki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ke bayan bango, ba hujja ba ce, mai satar fasaha ita ma kwafarta yake yi. Kafin ka tura kuɗi ka nemi hoto uku na ainihin littafin da ke hannun mai sayarwa, ba wanda ya ɗauko a intanet ba: ƙashin bayan littafin, shafin da ke ɗauke da sunan kamfani da shekarar bugu, da wani shafi na ciki mai yawan baƙi. A jabu baƙin yakan zama toka-toka, inuwar ɗige-ɗige ta yi wani kalar tabarma, rubutun ƙashin baya ya karkace ya hau bango, gefen zane kuma an yanke shi har ya ci kalmomi. Idan littattafan jeri ne, a jera su a ga ko tsawonsu ɗaya. Farashin kamfani yana buge a bayan bango, duk sabon littafin da aka ce ƙasa da rabin wannan ne har da kuɗin kawowa, akwai lauje cikin naɗi. Wanda ya ƙi turo hoto ya ce ka yarda da shi kawai, ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar ɗauri, wadda masu sharhi a ƙasashen sanyi ba sa damuwa da ita. Littafi mai laushin bango da gam ake riƙe shafukansa. Zafin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, ko awa biyu a cikin mota a rana, ya isa ya sa gam ya saki, hunturu kuma ya busar da shi ya tsage, sai shafuka su fara fita kamar kati. A duba littafin ta sama: idan ana ganin takardun a ninke ƙungiya-ƙungiya, ɗinki ne, zai daɗe kuma zai buɗu sosai. Idan a yanke suke tas an manna su da farin gam mai kauri, kada a taɓa danne shi a shimfiɗe. Kauri ma ba alheri ba ne, kundi mai shafi dubu nauyinsa ke yage shi daga bango, kuma tsakiyar zane na nutsewa cikin ɗaurin. Kundin Criminal guda mai laushin bango siriri ne, gam ɗinsa ba ya ɗaukar nauyi mai yawa, wannan ma wani dalili ne na fara da shi. A ajiye shi a tsaye, nesa da bangon ƙasa saboda gara, kada a kulle shi a leda da damina don gumi na sa shafuka masu sheƙi su manne da juna, kuma idan aka ɓamɓare su fentin ne ke tafiya.