Hattara da mai tallar allurar garmaho "ta asali": dala 250 ya cinye min

Dala 250 wani mutum ya karɓe min a kan allurar garmaho ƙwaya ɗaya, kuma abin da ya aiko min bai kai dala 20 ba. Raina a ɓace nake wannan rubutu, duk wanda ya ga magana ta hau kan magana ya yi haƙuri. Mutumin yana nan har yanzu yana talla a intanet, ya canza suna amma bai canza hotuna ba, kuma na tabbata ba ni kaɗai ya yi wa ba.

Katirij ɗina, wato ɗan kan da ke bakin hannun garmaho wanda ke riƙe allura, Shure V15 Type III ne, irin wanda ya fara fitowa a 1973. Masu harkar faifai sun san shi, ba sai na yi dogon bayani ba. Lafiyarsa ƙalau, irin mai maganaɗisu ne wanda ake zare allura a sa wata, to allurar ce ta cinye. Allura kuwa dole ta cinye, ɗan lu'ulu'un da ke bakinta yana gugar tsagin faifai, bayan awoyi ɗaruruwa sai ya lafe, daga nan kuma faifan yake ci. Matsalar ita ce kamfanin Shure ya daina yin kayan garmaho gaba ɗaya tun 2018, allurar wannan katirij ɗin ma ta riga ta yi wuya kafin nan. Duk wata ta asali da ta rage a duniya, wadda ba a taɓa ɗorawa a faifai ba, tana cikin ajiyar wani ne, kullum raguwa suke yi, kullum kuɗinsu hawa yake yi. A kan wannan ƙarancin ɗan damfarar nan ya kafa sana'arsa.

Tallar ta ce VN35HE, wato lambar allurar wannan katirij ɗin, ta asali, sabuwa fil a kwalinta, tsohuwar ajiya, abin da suke rubutawa NOS. Dala 185, kuɗin aikowa dala 25.

Ina son masu saurin cewa kwaɗayin araha ne ya ja min su tsaya su dubi wannan kuɗi. Dala 185 araha ce? Da ya ce dala 30 ko kallon tallar ba zan yi ba, na san na bogi ne ke yawo a wannan kuɗin. Da ya ce dala 600 da na wuce abina. Ya san daidai inda zai ajiye farashin, wurin da mai hankali zai ce to wannan ya yi kama da gaskiya, da zafi amma ana iya cijewa a biya. Tsadar ce ma ta kwantar min da hankali. Kowa ya koya mana tsoron abu mai araha, babu wanda ya taɓa ce min ɓarawo ma yana iya tsawwala kuɗi.

Kuma ban biya haka nan ba. Na yi tambayoyi. Na ce ya ɗauki kwalin hoto tare da takarda mai ɗauke da sunana da kwanan wata da rubutun hannu, ya ɗauka ya turo. Kwalin yana da 'yar yagewa a kusurwar hagu ta sama, ga wani ɗigon tawada shuɗi kusa da lambar, ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Na ce ya ɗauko min tsinken da ke ɗauke da lu'ulu'un daga gefe, ya turo, siriri, a miƙe, babu lanƙwasa. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce kayan wani tsohon mai gyara ne da ya rasu, iyalinsa suka sayar da ragowar, ita ce ta ƙarshe a irinta. Me kuma ya rage da mutum zai tambaya?

Amma abin da ya kashe min jiki daban ne, kuma shi nake ta juyawa a raina dare da rana. Ina shirin biya sai ya rubuto min cewa, "Ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗi bari in faɗa maka gaskiya. Allurar da ta yi shekaru a ajiye, 'yar robar da ke riƙe da tsinken tana iya ƙandarewa. Ba zan rantse maka cewa tana nan kamar ranar da aka yi ta ba. In ka sa ta, ka fara da giram 1.25, ka bar ta ta ɗan saki. In kana shakka, gara ka haƙura ka sayi ta Japan." Ku ji fa. Shi da kansa ya ce in haƙura. Kuma maganar gaskiya ce, robar tana ƙandarewa, kuma nauyin da aka ƙayyade wannan allura ta danna faifai da shi daga giram 0.75 ne zuwa 1.25, bai yi kuskure ko na ɗigo ba. Na karanta saƙon nan na ce a raina wannan mutum yana tsoron Allah, mai son cin kuɗina ba zai kushe hajarsa ba. A daidai wannan saƙon na yarda da shi. Na sake komawa na karanta shi ban san adadi ba, ina neman inda ƙaryar ta leƙo, babu. "Gara ka haƙura." Da wannan kalma ya ɗaure ni.

Sai maganar biya. Ya ce manhajar biyan kuɗi tana yankar masa kaso mai yawa in aka biya ta hanyar ciniki, in taimaka in tura ta hanyar da ake tura wa 'yan'uwa da abokai, shi kuma zai sa min burushin goge allura kyauta. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, in kuɗi ya tafi ya tafi. Mutumin da ya gama ce min kada in saya, a kan 'yan daloli na kaso zan tsaya ina tuhumarsa? Na tura dala 210.

Dala 40 ɗin daga baya ta zo. A'a, tsaya, kafin nan ya turo lambar bin sawun kaya, lambar ta yi kwanaki ba ta motsa ba, na yi masa magana, sannan ya ce an riƙe kunshin saboda bai sa inshora ba, kaya mai daraja sai da inshora, dala 40, kuma in aka mayar masa da shi akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu. Ina ga ma maganar wanda ke jiran ya fara yi min ita tun ranar farko, zan duba hirar. Ko ma dai yaya ne, na riga na zuba dala 210, zan bar ta ta salwanta saboda 40? Na tura. Dala 185 da 25 da 40, dala 250 cif. Washegari lambar ta fara motsi, har na ji kunyar matsa masa da na yi, har haƙuri na ba shi. Wannan haƙurin da na ba shi yana ƙona min rai fiye da dala 40 ɗin.

Kunshi ya iso, babu burushi, ban damu ba. Kwalin na fara dubawa. Babu yagewa a kusurwa, babu ɗigon tawada. Kwali ne sabo, takardarsa tana ƙyalli, rubutun jikinsa ya ɗan baje a gefe-gefe irin na abin da aka ɗauka hoto aka sake bugawa. Na ce wataƙila yana da kwali fiye da ɗaya. Allurar ta shiga katirij da ƙyar, sai da na danna, alhali tsohuwar sulɓewa take yi ta zauna daram. Na saita giram 1.25 kamar yadda ya ce. Na ɗora faifan da na fi sani a duniya, wanda na san kowane numfashi na mai waƙar, sai na ji duk inda harafin "s" ya fito yana tsartuwa, sautin sama ya dushe, da allura ta kusa tsakiyar faifai kuwa sai murya ta fara karcewa gaba ɗaya. Na tuna maganarsa ta roba, na ce bari ta saki. Kun ga amfanin wancan saƙon a wurinsa? Ya riga ya ba ni uzurin da zan kare shi da shi tun kafin kaya su iso. Na ci gaba da ɗora mata fayafayaina ina jiran ta saki, ni da hannuna, a kan maganarsa.

Wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya daɗe yana gyaran kayan sauti, shi ya raba gardama. Ya sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya jima yana kallo, ya ɗago ya ce, "Ɗana, zo ka gani da idonka." Tsinken kauri gare shi, bai yi kama da na hoto ba ko kusa. A bakinsa wani ɗan guntun ƙarfe ne aka liƙa wa ƙwayar lu'ulu'u a kai, ga busasshen gam ya taru a gindinsa, kuma a karkace yake zaune. Mai tallar da bakinsa ya ce min lu'ulu'u ne zalla tun daga tushe har baki. Bakin kuma zagayayye ne, irin na allurar gama-gari, alhali abin da ake biyan kuɗi dominsa a VN35HE shi ne siririn gefen nan da ke bin ƙananan lanƙwasar tsagi, musamman can ciki kusa da tsakiya inda tsagin ya matse. Shi ya sa take karcewa a wurin. Na ce, "Baba, nawa irin wannan?" Ya ce in an tsawwala dala 20. Ya ce in cire ta yanzu, kada ta sake taɓa faifai, don karkatacciyar allura gefe ɗaya na tsagi take ci, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa.

Dala 20. Na biya 250.

Na rubuta masa cikin mutunci, na tura hoton abin da muka gani. Ya ce wataƙila an musanya a hanya. Na ce wa zai buɗe kunshi a hanya ya zare allurar katirij na 1973 ya sa wata mai shiga daidai wurin? Ya ce in mayar masa zai duba, in biya kuɗin aikawa, adireshin da ya bayar kuma ba shi ne wanda ke jikin kunshin ba. Wannan duk kafin ya toshe ni ne. Ko kuwa ya toshe ni a wuri ɗaya muka ci gaba a wani, na manta, duk yana cikin hotunan. Ƙarshenta dai ya yi ɓatan dabo. Na kai ƙara wurin masu manhajar biya, amsar ita ce wadda na zata, kuɗin da aka tura a matsayin kyauta ba ciniki ba ne. Ba su yi min ƙarya ba, ƙa'idarsu ce a rubuce, shi ne ya san ta ya bi da ni ta nan.

Bayan 'yan makonni ina dubawa sai ga talla. Sabon suna, VN35HE, "ita ce ta ƙarshe", dala 185. Kwali mai yagewa a kusurwar hagu ta sama, ɗigon tawada shuɗi kusa da lamba. Wato yana da ta asali guda ɗaya tak, ita yake ɗauka hoto, ita yake ajiye takardar sunan kowa kusa da ita, ba ta taɓa barin hannunsa ba kuma ba za ta bari ba. Na ga irin rubutun nan nasa a wata tallar ta allurar Stanton 681EEE, da labarin tsohon mai gyaran da ya rasu, kalma da kalma. Allah ya isa tsakanina da shi.

Wani ya ce min ai cinikin biri a sama na yi. To ya gaya min, allurar da aka daina yi, a ina zan je in riƙe ta a hannu kafin in biya? Duk mai tsohon katirij daga nesa yake saye, da hoto da amana. Wani kuma ya ce me ya hana ni sayen ta JICO tun farko. Na san da JICO, kamfanin Japan ne da ke yin allurai na maye gurbi ga tsofaffin katirij iri-iri, na san da samfurinsu SAS da ake yabo, na san da Tonar da Pfanstiehl masu sauƙin kuɗi. Su ba sa ɓoye cewa maye gurbi suke yi, sunansu ne a jikin kwalinsu. Ni ta asali nake so, in ji katirij ɗin nan da muryar da aka ƙera shi da ita ko sau ɗaya kafin irinta ta ƙare a duniya. Wannan laifi ne? Na yi bincike, na nemi hoto, na nemi takarda, na yi tambayar da ta kamata. Mutumin ya zauna ne ya karanci irinmu, ya san abin da muke tambaya ya tanadi amsa, har ya san abin da muke tsoro ya riga mu faɗa.

Hotunan hirarmu gaba ɗaya suna wurina, da shaidar biya guda biyu, ta 210 da ta 40, da hoton kwalin talla kusa da kwalin da ya iso, da abin da madubi ya nuna. Zan rufe bayanan da bai kamata su fita ba in saka su, musamman saƙon nan na "gara ka haƙura", ina so kowa ya karanta shi ya gaya min ko shi da zai gane.

Kada ku biya ta hanyar 'yan'uwa da abokai, ko me aka ce muku. Kada ku ƙara ko sisi bayan kuɗin farko. Hoton kwali ba shaida ba ne. In allura ta iso, a duba bakinta a madubi kafin ta hau faifai. Duk wanda ya ga kwali mai yagewa a hagu da ɗigon shuɗi, shi ne, kuma in akwai wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya yi min magana mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya mu kai ƙararsa tare.