Tiyon Pawa Sitiyari: Wanne Ake Canzawa a Gida, Wanne Ake Kai wa Bakanike

Ɗan'uwa, ka ce motarka tana yoyon man sitiyari, kullum da safe sai ka tarar da ɗigo a ƙasa, an duba an ce maka tiyo ne, kana tambaya ko za ka iya canza shi da kanka ko sai bakanike. Abin da ba ka faɗa ba shi ne wane tiyon. Manyan tiyo biyu ne a wannan layin, mai ɗaya ke bi ta cikinsu, amma aikin canza su ba ɗaya ba ne ko kusa.

Na farko shi ne tiyon matsi, wanda ke ɗaukar mai daga famfo zuwa rak, inda ake tura tayoyin gaba dama da hagu. Idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe, matsin man da ke cikinsa yakan kai psi 1,000 zuwa 1,500, alhali iskar tayar motarka ba ta wuce psi 30 da ɗoriya ba. Shi ya sa za ka ga bakinsa biyu ƙarfe ne da aka matse da inji, ana ɗaure shi da noti. Na biyun yana mayar da man ne daga rak zuwa gwangwanin mai bayan ya gama aiki. Matsinsa kaɗan ne, roba ce kawai da kilif a baki. Akwai kuma wani gajere mai kauri daga gwangwani zuwa famfo, shi ma hukuncinsa irin na mai kilif ne.

Kafin ka sayi komai, ka goge wurin tas ya bushe, ka tada inji, wani ya riƙa juya sitiyari kana kallo, domin mai yakan tsatso daga sama ya gangaro ya jiƙa tiyon da ba shi da laifi. Amma don Allah kada ka lalubi yoyon da hannu. Ƙaramar huda a tiyon matsi tana fesar da mai siriri da zai iya huda fata. Guntun kwali za ka kara, kuma ka yi nesa da bel.

Idan mai kilif ne, ka yi abinka a gida. Filaya, sukudireba, kwanon tarar mai da tsumma sun ishe ka. Sau da yawa ma bakin robar ne ya tsage ko kilif ya saki. Sharaɗi ɗaya ne: robar da za ka sa ta kasance wadda aka yi don man sitiyari, mai faɗin da ya yi daidai. Tiyon ruwa ba ya jure wannan man, laushi zai yi ya kumbura.

Tiyon matsi ne ke buƙatar tunani. Shi ba a yi masa faci. Ba a naɗe shi da tef, ba a yanke wurin da ya fashe a haɗa da kilif. Duk wanda ya yi haka ya ajiye wa kansa matsala a kan hanya, domin ranar da zai balle sitiyari zai yi nauyi nan take, galibi a tsakiyar kwana inda matsi ya fi yawa, man kuma idan ya fesu a kan bututun salansa mai zafi yana iya kama wuta. Canzawa ake yi gaba ɗaya.

Wahalarsa ba ta wajen famfo ba ce, wannan bakin yawanci a fili yake. Bakin ƙasa ne, wanda ya shiga rak. A motoci da yawa, musamman masu jan gaba, rak ɗin yana can bayan inji, hannu da ƙyar yake shiga, sai an ɗaga mota an kwanta a ƙasa. A nan jak kaɗai ba ya isa, dole sai da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Notin kuma yana son sifana ta musamman, wadda ke rungumar noti ta kusan kowane gefe da ɗan tsagi da bututu zai wuce. Sifana mai buɗaɗɗen baki takan cinye gefen notin, daga nan aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Wajen mayarwa, ka fara ɗaura notin da yatsunka har ya shiga lafiya kafin sifana ta taɓa shi. Jikin rak da yawa alminiyom ne, idan noti ya shiga a karkace ka tilasta shi, haƙoran ramin notin da ke jikin rak ɗin ne za su tafi, kuma rak ya ninka tiyo tsada nesa ba kusa ba. Wannan kuskuren ne ya fi ba ni tsoro ga mai yi karo na farko. Zoben roba ko washar tagulla da ke bakin, sabo ake sawa, tsohon ya riga ya matse ba zai sake riƙe mai ba. Ka ɗauki hoton hanyar da tiyon ya bi kafin ka cire, ka mayar da kowane maƙali wurinsa don kada sabon ya goga bel ko salansa.

Wasu sukan kai tsohon a matse musu sabuwar roba a kan ƙarfensa. Yana yiwuwa idan robar ta sitiyari ce, amma tiyon haidirolik na manyan injuna ya fi tauri, ba ya shanye bugun famfo kamar na asali, sai ka ji ƙara da karkarwa a sitiyari.

Ko wanne ka canza, sauran abu biyu. Man da littafin motarka ko murfin gwangwani ya ce shi za ka zuba: Toyota da yawa man giyar otomatik irin Dexron suke sha, Honda tana da nata na daban, wasu motocin Jamus kuma CHF 11S mai launin kore. Ba a gauraya su. Sai fitar da iska: tayoyin gaba a sama, inji a kashe, ka juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 kana ƙara mai, sannan ka tada. Idan ka ga kumfa ko famfo yana kuka, da sauran iska, ka kashe ka jira kumfar ta kwanta ka maimaita. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan.

Idan binciken ya nuna tiyon matsi ne, ga abin da zan yi da ni ne kai. Kafin in sayi tiyon, zan ɗaga motar in gwada ko sifana za ta zauna sosai a kan notin ƙasa, ko kuma yatsuna biyu za su iya juya shi. Idan sun kai, zan yi a gida. Idan sai an sassauta ƙarfen da ke riƙe da inji kafin a kai gare shi, ko notin ya yi tsatsa ya fara cinyewa, zan cika gwangwani da mai in tuƙa a hankali zuwa wurin bakanike mai ramin duba mota.