Ikinari Steak a New York: Nama Mai Daɗi da Gaggawa Ta Kassara

Gidan gasa nama na Ikinari Steak, wanda Kunio Ichinose ya fara buɗewa a unguwar Ginza ta birnin Tokyo a watan Disamba na 2013, ya isa New York a watan Fabrairu na 2017 da tsarin da ya ja hankalin jama'a: mutum ya ci naman shanu mai kauri yana tsaye, cikin ɗan lokaci, a kan farashin da bai kai na manyan gidajen nama na birnin ba.

Abin da ya fi burge ni a gidan shi ne gaskiyar cinikinsa. A lokacin, mai saye yakan je gaban mahauci ya zaɓi ɓangaren da yake so, ya faɗi nauyin da zai iya ci, a yanka a auna a kan idonsa, kamar yadda mai balangu yake yi wa wanda ya tsaya a bakin teburinsa. Daga nan sai a gasa naman a kan wuta, a kawo shi a farantin ƙarfe mai zafi yana ƙara, tare da masara da albasa. Galibi ba a bari cikinsa ya nuna sosai, domin zafin farantin yana ci gaba da gasa shi, don haka wanda ba ya son jan nama sai ya yayyanka shi ya jujjuya har ya yi masa yadda yake so. Miyar waken soya da ake zubawa a kai tana fito da ɗanɗanon kitsen ba tare da ta danne shi ba.

Sai dai gidan bai ɗore a New York ba, kuma a ganina, matsalar ba daga naman ta taso ba. Kamfanin Pepper Food Service, mai gidan, ya buɗe rassa 11 a New York cikin ƙasa da shekaru 2, tun kafin ya tabbatar cewa dogon layin da aka gani a reshen farko na unguwar East Village na masu dawowa ne ba na 'yan ganin ƙwaf ba. Ma'aikacin ofis a Tokyo ya saba da cin abinci a tsaye, amma mutumin Amurka ya ɗauki irin wannan nama abincin zama da hira ne, kuma ko da aka ƙara kujeru, abin da ya bambanta gidan da sauran ne ya ragu.

A watan Fabrairu na 2019 kamfanin ya sanar da rufe 7 daga cikin rassan. A 2020, lokacin annobar korona, reshen kamfanin na Amurka ya shigar da takardar karyewar jari a kotu. A Japan ma, inda rassan suka kai kusan 500 a 2019 har suna ƙwace wa juna masu saye, an rufe da dama, kuma Ichinose ya sauka daga shugabancin kamfanin a 2022. Ikinari Steak yana nan yana aiki a Japan, amma da rassan da ba su kai na wancan lokaci ba.