Taswirar waya ga direban Zariya: wadda nake riƙe da ita da dalilina

Sana'ata kai abincin kaji ne. Daga shagonmu na Sabon Gari nake loda buhuna a a-kori-kura in kai wa masu gonaki a Shika, Dakace, Hunƙuyi, wani lokaci har wajen Giwa, sannan in leƙa Kano ko Kaduna sayo kaya. Saboda haka ma'aunina a kan manhajar nuna hanya guda ɗaya ne: idan na sauka daga kwalta, sabis ya ɗauke, za ta ci gaba da kai ni ko za ta tsaya tana juyi?

Mutane da yawa suna zaton data ce ke gano inda kake. Ba ita ba ce. Shuɗin ɗigon nan da ke tafiya tare da kai daga taurarin ɗan'adam na GPS yake samuwa, waɗanda ke can sama wajen kilomita 20,000, kuma wayarka saurare kawai take yi, ba a cire maka ko kwabo. Abin da ke cin data shi ne sauko da zanen titunan, neman sunan wuri, da labarin cunkoso. Idan zanen yana ajiye a cikin wayar, ko babu sandar sabis ko ɗaya za ka ga kanka a kan hanya.

Google Maps ce babbar abokiyar aikina, musamman wajen neman wuri da suna. Rubuta asibitin koyarwa na Shika, ko Kongo, ko gidan mai a Ɗanmagaji, za ta fito da shi, sau da yawa har da hoton ƙofar wurin. A kan babban titi ma ba ni da ƙorafi. Daga Kwangila zuwa Kano ta Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, ko zuwa Kaduna ta Jaji da Mararrabar Jos, lokacin isa da take ba ni ba ya nisa da gaskiya. Jan layin da take shafawa a titi idan an cushe, daga saurin tafiyar wayoyin mutanen da ke kan titin take lissafa shi. Shi ya sa yake da amfani a PZ ta cikin Zariya da yamma ko a shigar Kawo ta Kaduna, inda waya ta yi yawa, amma a hanyar ƙauye ba shi da abin faɗa.

Tana ba ka damar ajiye taswira. Ka taɓa hotonka da ke saman fuska, ka shiga wurin taswirar da ba ta buƙatar intanet, ka ja akwatin ya rufe yankin da kake so. Ni na ja nawa ya haɗa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Kano, na sauke da dare lokacin da data ke araha. Sai dai ka sani, idan babu intanet hanyar mota kaɗai za ta ba ka, babu labarin cunkoso, babu hoton sama. Taswirar kuma tana da wa'adi, sai a riƙa sabunta ta. Tun 2019 ta ƙara tsarin tafiyar babur a Najeriya, abin da ya yi wa 'yan acaɓa daɗi, amma mai mota ya riƙa duba alamar da ya danna kafin ya tashi, don hanyar babur ba ta a-kori-kura ba ce.

Wani abin lura: sunayen unguwanninmu ba namu ne mu kaɗai ba. Akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai a Jos, akwai a Gusau. Sabon Gari kuwa kusan kowane babban gari yana da nasa. Ka ƙara Zaria a bayan sunan, yadda ake rubuta shi da boko, ka kuma dubi adadin kilomita kafin ka danna tafiya.

Ta biyu a wayata ita ce Organic Maps, kuma ita nake buɗewa da zarar na bar kwalta. Kyauta ce, babu talla, kuma tun asali don aiki ba tare da intanet aka gina ta. Zanenta daga OpenStreetMap yake, wato taswirar da aka fara a Ingila a 2004 wadda masu sa kai ke zanawa, kowa na iya ƙara titi ko ya gyara suna. Wajen neman shago da suna ba ta kama ƙafar Google ba. Amma tana buɗewa da sauri ko a ƙaramar waya, kuma tana da wurin da za ka ce ta guji hanyar da ba kwalta, wanda da damina ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗauke da kaya a jar lakar nan tamu. 'Yar'uwarta OsmAnd ta fi ta kayan aiki, har tana iya naɗar hanyar da ka bi ta ajiye maka. Gonar da aka yi mini jagora sau ɗaya, ba na sake neman ɗan rakiya. Sai dai maɓallanta sun yi yawa, sai mai haƙuri.

Waze, wadda aka ƙirƙira a Isra'ila kuma Google ta saya a 2013, ƙarfinta yana ga rahoton direbobi: wannan ya ce akwai hatsari, wancan ya ce akwai rami. Inda masu amfani da ita suke da yawa tana da daɗi, inda suka yi ƙaranci sai ta zama taswira kawai, kuma tana son intanet. Abin da ya burge ni da ita shi ne za ka iya naɗar muryarka ta zama mai ba da umarni. Yaron motata ya naɗi tasa da Hausa, yanzu idan mun doshi shataletale sai ka ji waya ta ce, “Maigida, a yi dama!” HERE WeGo, jikar taswirar Nokia ta da, ita ma tana sauke taswira a ajiye, ga wanda wayarsa ke da wuri.

To, sai cikin birni. Da zarar ka shige Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ka bar manyan tituna, lissafi ya canza. Taswira tana ganin layi, ba ta ganin faɗinsa. Ba ta san an kafa rumfar ɗaurin aure a tsakiyar lungu ba, ba ta san ranar Juma'a sahu kan fito har titi a wajen Fada ba, ba ta san kwatar da ta cinye rabin hanya ba. Akwai wata Hajiya da nake kai wa kaya a wajen Kwarbai, tana kiwon kajin ƙwai a bayan gida. Kwatancenta ya fi na kowace waya: “Ɗan nan, in ka wuce masallaci za ka ga mai ƙosai, kada ka shiga nan, motarka ba za ta fita ba. Ka tsaya gindin rimi, yara za su zo da baro.” Haka ake yi. Abin da na roƙe ta kawai shi ne jikanta ya tsaya a gindin rimin ya turo mini wurin ta WhatsApp, na ajiye shi da sunanta. Yanzu duk mai sayen kayana haka nake yi masa: ba ƙofar gida nake so a turo ba, inda mota za ta iya tsayawa ta juya.

Magana mafi nauyi ita ce ta yanke. Manhaja mintoci take ƙirgawa, ba ta san wace hanya ce jama'a suka daina bi bayan la'asar ba. Idan ina wajen Giwa ko hanyar da ta nufi Birnin Gwari, waya ta ce ga wata hanya da ta fi sauri, ba na karɓa sai na tambayi direbobin tasha. Su ke da labarin safiyar ranar.

Kafin manhaja ma, ka sayi abin maƙala waya da caja ta mota, don fuska a kunne da GPS suna shan batir. Riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne a wajen jami'an kiyaye haɗurra, ban da hatsarin. Ka kuma guji manna ta a gilashi a watan Maris da Afrilu: rana na dukanta za ta yi zafi, haskenta ya dushe, caji ya tsaya. Tawa a jikin ramin iska take, gefen sitiyari, inda inuwa ke rufe ta.