Man ido na chloramphenicol: yana taimako, amma gasa ido da ruwan ɗumi ne babban aikin

Siririn bututun chloramphenicol 1% shi ne abin da mai kemis kan fara miƙo wa wanda ya zo da jan bakin fatar ido, ƙaiƙayi, da busasshiyar kwantsa liƙe a gindin gashin ido da safe. Sunan ciwon a asibiti blepharitis. Man yana da araha, kuma idan ƙwayoyin cutar da ake kira Staphylococcus ne suka taru a gindin gashin, yana rage su. Iyakar ƙarfinsa ke nan.

Sau da yawa tushen ba nan yake ba. Akwai ƙananan kafofin maiƙo jere a bakin fatar ido. In sun toshe, maiƙon ya daskare, hawaye kan yi saurin bushewa, mutum ya riƙa jin kamar yashi a idonsa, balle da hunturu. Wani kuma amosanin kai ne ya sauko masa. Man nan ba ya buɗe kafa, ba ya maganin amosani.

Shi ya sa gasa ido da ruwan ɗumi ke fara zuwa. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai jure, a ɗora kan ido a rufe minti 5 zuwa 10. Tsumma na saurin hucewa, sai ana sake tsomawa, nan ne mutane da dama ke yin sakaci. Sannan a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin: ta sama a yi ƙasa da ita, ta ƙasa a yi sama. A goge bakin da audugar da aka jiƙa da tafasasshen ruwa da ya huce. Sai yanzu man zai shigo, kamar ƙwayar shinkafa a kan wankakken yatsa, a shafa a gindin gashin, gwargwadon kwanakin da likita ya ɗiba.

Aibinsa maiƙo. Yana sa gani dishi-dishi na ɗan lokaci, don haka lokacin kwanciya ya fi dacewa da shi. In an buɗe, mako 4 ne a yar, ko da saura. Kwalli a ajiye shi tukuna, kuma kada a yi aron maciyi.

A karanta kwalin da kyau: wasu man idon na ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, magungunan rage kumburi. Suna ɗauke ja nan da nan, amma yawan amfani da su babu likita na iya jawo hawan jinin ido. Idan akwai zafi mai tsanani, ƙin haske, raguwar gani, ko kumburin ido ɗaya da ya ƙi sauka, asibitin ido za a nufa, ba kemis ba.